Ruwan da Na Kai wa Surukina

Shekarun baya, tun hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ba ta zama wadda sai ka nemi gafarar iyalinka kafin ka hau ta ba, ina tuƙa wata ƙaramar tanka a wani gidan mai da ke Ƙauran Namoda. Aikina in kai kananzir da gas ƙauyuka, yau Zurmi, gobe Shinkafi. Ban daɗe da yin aure ba a lokacin. Matata 'yar Badarawa ce. Mahaifinta manomi ne, dattijo marar yawan magana. Da damina gero da dawa, da rani kuma yana da lambu a bakin gulbi, inda yake sa albasa da tattasai da alayyahu.

Mutumin nan ya ba ni 'yarsa ina yaron mota, ko keke ba ni da shi, kuma bai taɓa tambayata abin da na mallaka ba. Shi ya sa kullum nake jin nauyinsa a wuyana. Ina ta neman ranar da zan yi masa wani abin da zai sa mutanen garinsu su ce lallai dattijo bai yi zaɓen tumun dare ba.

A bayan gidan man namu akwai wani ƙaton rami da aka daɓe da siminti. In za a sauya wa tanka kaya, a ce wadda ta ɗauko gas za ta ɗauko kananzir, sai an wanke cikinta da garin sabulu, ruwan kuma nan yake gangarawa. Haka ruwan da ake zuƙowa daga gindin tankunan da ke binne a ƙasa, da na wankin inji, da baƙin man da makanikai ke zubarwa, duk a ramin nan suke haɗuwa. In ya cika, sai maigidana ya ce in tada wata tsohuwar tanka da aka daina aiki da ita, in zuƙe, in kai daji in zubar. Akwai wani kwari a bayan gari da nake juyewa, in kaɗe hannuna in dawo.

Ina da wani aboki, direban babbar tanka, wanda ke zuwa Kudu ɗauko mai. Shi ne mai ba mu labarin duniya in mun zauna a inuwar gareji. Wata rana yana kallona ina zuƙe ramin, sai ya ce, "Kai dai kana ɓarnar ruwa. Mai da ruwa ai ba su haɗuwa. Man sama yake tsayawa, na ƙasa ruwa ne tas. Can inda ake haƙo man na ga ruwan da ke fitowa daga wurin aikinsu yana bi ta cikin gonaki, rogo kuwa ga shi nan kore shar."

Bai ce min ya ga lafiyar masu cin rogon ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai duba gefen ramin inda yake tumbatsa, na ga ciyawa ta fito a tsakiyar rani, na ce a raina maganarsa na kan hanya.

A shekarar nan damina ta ɗauke da wuri. Kafin bazara ta yi nisa gulbi ya koma yashi zalla, rijiyoyin lambu suka ja ƙasa. Matata ta je ganin gida, ta dawo jikinta a sanyaye. Tana ɗauke da cikin fari, ya soma fitowa.

"Baba ya rame," ta ce. "Rijiyar lambu sai an jira ta taru. In ya ja da sahe, sai la'asar ta sake kawowa. Ganyen albasa ya soma kwanciya tun ba ta ƙosa ba."

Ba a yi kwana nawa ba maigidana ya ce rami ya cika. Na tsaya a bakinsa ina dubawa, sai na ji kamar an buɗe min ƙofa. Na tura tiyo can ƙasa, na wuce baƙin da ke yawo a sama, na cika tanka. Har na ɗebi kaɗan a gora na ɗaga wa rana. Yana da ɗan duhu-duhu, amma ai ruwan gulbi ma ba fari ba ne. Na shinshina ban ji komai ba. Mutumin da ya yi shekaru yana kwana yana tashi cikin warin fetur, hancinsa ya daɗe da mutuwa, sai dai ni ban san nawa ya mutu ba. Maimakon in nufi kwari, sai na ɗau hanyar Shinkafi.

Da tankar ta gangara bakin gulbi, masu lambu duk suka ajiye aiki suka taso. Surukina ya fito daga cikin albasa yana goge hannu a jikin rigarsa. Na sauko na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, ruwa na kawo muku."

"Ruwa?" ya ce.

Na buɗe famfon baya. Ya tara tafin hannunsa, ya kai kusa da fuskarsa.

"Wanga ruwa, daga ina ya hito?"

Nan na gyara tsayuwa. Na zayyana masa duk abin da abokina ya faɗa, na ƙara da nawa. Na ce ai a Kudu manyan kamfanoni da shi suke noma, abin da abokina bai taɓa cewa ba. Ina magana ina ɗaga murya, don ba shi kaɗai nake so ya ji ba.

Ya dubi ruwan da ke hannunsa, ya dubi mutanen da suka zagaye mu, sannan ya dube ni.

"To, Allah shi yi albarka. Zuba shi can."

Ya nuna min wani rami da ya haƙa kusa da rijiya, inda yake tara ruwa kafin inji ya ja zuwa cikin kwamai, wato fangalin shuka. Na juye duka. Mutane suka yi ta sa albarka. Maƙwabcinsa na lambu, wani dattijo mai kiwon tumaki, har rakiya ya yi min zuwa ƙofar mota yana cewa irina ake nema. Ranar ban san lokacin da na iso Ƙaura ba. Ina tuƙi ina ganin kaina kamar wanda ya gina wa gari madatsar ruwa.

Na sake kaiwa, na kuma sakewa. Da farko lambun ya miƙe, don shuka mai ƙishirwa ba ta zaɓe. Surukata ta aiko min da zabuwa da ƙullin alayyahu. Matata ta yi miya da shi, ta kai loma ɗaya, ta tashi da gudu ta nufi bayan ɗaki. Da ta dawo ta ce, "Miyar ga kananzir take."

"Hancin masu ciki ne," na ce. "Jiya ma cewa kika yi sabulu na wari."

Na janyo kwanon na cinye, har na nemi ƙari don in nuna mata. Ita ma daga baya ta riƙa daurewa tana ci kaɗan-kaɗan, don ba ta iya zubar da abin da mahaifiyarta ta aiko.

Bayan wannan yayan matata ya shigo Ƙaura sayen wani ƙarfen inji, ya biyo ta gidan mai. Muka gaisa, ya yi ta kame-kame, sannan ya ce, "Baba ya ce a gaishe ka. Ya ce kada ka riƙa wahalad da kanka, hanya da nisa, ga man mota."

"Haba, wace wahala?" na ce. "Baba ai uba ne."

Na ɗauka alkunya ce irin ta manya. Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, ya fasa, ya yi min sallama. Da ramin gidan mai ya sake cika, na sake ɗaukar hanya. Ban iske surukina a lambu ba, rana ta take, kowa ya koma gida. Na ga ramin nasa da sauran ruwa kusan rabi, ban tsaya na tambayi kaina me ya sa mai ƙishirwa zai bar ruwa ba. Na buɗe famfo na juye, ya cika ya tumbatsa, ya bi gangare ta wajen rijiya da shingen maƙwabcinsa. Na tafi ina murmushi, wai zai zo ya tarar da abin mamaki. Daga baya na ji ashe ya daina taɓa ramin, ya bar shi ne ya ƙafe.

Aiki ya riƙe ni a hanyar Zurmi na wasu makonni. Wata safiya na sauke kaya, na ajiye tanka a tashar Zurmi, na zauna wurin mai shayi. A bencin da ke gabana wasu 'yan albasa ne ke hira, ban san ko ɗaya daga cikinsu ba.

"Kun ji tsohon nan na Badarawa?" in ji ɗaya.

"Mai albasar kananzir? Ni da kaina na maida mashi buhunansa. Ka buɗe buhu ka ji kamar ka buɗe fitila."

"Ba wannan ba ma. Tumakin maƙwabcinsa sunka sha ruwan raminsa, wasu sunka mutu, wata ta yi ɓari. Rijiyar da 'yan lambu ka sha ita ma ta ɓaci, mai na yawo samanta. Har gaban mai gari anka kai magana."

"Shi mi ya ce?"

"Ya ce shi ya aika anka kawo mashi ruwan wankin tanka daga Ƙaura. Ya ce laihinsa ne shi kaɗai, a yi haƙuri. Son banza dai, tsoho da shi."

Suka yi dariya. Wani ya ce ai dama wasu tsofaffin sun fi yara kwaɗayi. Mai shayin ya juyo gare ni, ya nuna tankata da baki.

"Direba, kai da ke harkar mai, ashe ana ban ruwa da shi?"

Duk suka juyo suna jiran amsata. Ina riƙe da kofi. Da a ce ni namiji ne ranar, da na ce musu ba haka aka yi ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wallahi ban sani ba." Na ajiye shayin, na sallami mai shi, na tashi. Ina jin su suna ci gaba da hirarsu har na kai mota.

Da na iso gida ban ko cire takalmi ba na tambayi matata. Ba ta yi mamaki ba. Ashe ta kwana biyu da sani.

"Inna ta aiko cewa in na gaya maka ba ta yahe ba," ta ce. "Ƙafafun Baba sun kumbura, sun tsattsage, takalmi bai shiga. Da su yake shiga cikin kwamai yana juya ruwa. Hannuwansa ma haka."

"Me ya sa ba wanda ya faɗa min?"

Ta dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a idonta ba. "Na ce maka miya na wari, ka ce hancina. Anka aiko maka yaya takanas, ka ce alkunya. Wa ya rage ya gaya maka?" Ta ɗora hannu a cikinta. "Ni ma na ci."

Washegari na ari babur na tafi Badarawa. Ban iya shiga garin da tanka ba, ko da wadda ba ta taɓa ɗaukar ruwan ba ce. Na bi ta bayan gari don kada in gamu da kowa, na gangara lambu.

Ban gane wurin ba. Kwamai sun yi wani baƙin ɓawo mai maiƙo, in ka taka ya manne a takalmi. Tattasai ya zube, ganyensa ya ƙone daga baki-baki. Albasar da aka maido tana zube a gefe tana ruɓewa. An rufe bakin rijiya da ƙaya. Na leƙa ta tsakanin ƙayar, na hango wani kala-kala yana yawo a saman ruwa kamar bakan gizo. Ranar kam, ko hancina da ya mutu sai da ya ji.

Surukina na zaune a gindin mangwaro, an shafa masa man kaɗe a ƙafafu an naɗe da tsumma. Na durƙusa nesa da shi, na kasa ɗago kai. Shi ya fara gaishe ni, ya tambayi mutan gida, ya tambayi aiki, kamar na zo gaisuwar Juma'a.

"Baba," na ce, "na ji abin da ya faru. A Zurmi na ji, a bakin mutane."

"Mutane ba su rasa ta cewa."

"Zan je wurin mai gari in faɗa masa gaskiya. Ba ku kuka aika ba. Ni na kawo."

"In ka tahi ka hwaɗi haka, ka maishe ni maƙaryaci gaban mai gari. Wanne ya hi?"



Ya gyara ƙafarsa a hankali, ya ce, "Tun ranar hwarko na ji warin. Hancina lahiya lau. Amma ga ka tsaye gaban mutane, ka sha hanya, kana murna. In ce maka koma da shi? Na ce bari in karɓa, ƙasa ta san yadda za ta yi da shi. Ka ga ai ni ma ban yi daidai ba. Kai ba ka sani ba, ni na ji na yi shiru. Da na ce laihina ne ban yi ƙarya duka ba."

Da ya ɗauki sanda ya buga min, da na fi jin daɗi. Na zauna ina haƙa ƙasa da ɗan yatsa kamar yaron da aka kama ya ɗauki ƙwai. Da ƙyar na roƙe shi ya yarda in kai shi asibiti. Ya ce man kaɗe na aiki. Na ce ko don hankalin 'yarsa ya kwanta, sannan ya hau bayan babur.

A asibitin Shinkafi wani ma'aikacin lafiya ya kwance tsumman, ya tambayi abin da ya taka. Surukina ya ce ruwa ne. Ni na yi bayanin wane ruwa, har da zancen mai sama yake tsayawa. Mutumin bai yi min faɗa ba, yana wanke ƙafar yana magana.

"Wanda ka gani a sama shi ne mai sauƙi, don ido na ganinsa. Akwai wanda ya narke a ciki, ga sabulu, ga dattin inji. In ka zuba sukari a ruwa kana ganinsa? To amma yana nan. Ƙasa ta sha, shuka ta sha, rijiya ta sha. Wa da wa suka ci kayan lambun?"

Na ce matata, kuma tana da ciki. Ya ɗago ya dube ni. Ya ce in kawo ta awo ba tare da ɓata lokaci ba, kada a sake cin komai daga lambun, rijiyar kuma ko alwala kada a yi da ita. Na ce masa abin da ke cikin zai sami lafiya? Ya ce tunda ba ta ci da yawa ba akwai kyakkyawan zato, amma shi ba zai yi min alkawarin abin da bai gani ba.

Watannin da suka biyo baya ban taɓa yin irinsu ba. Duk ranar da ba ni da aiki ina Badarawa da shebur. Wani malamin gona da muka kira ya ce a kankare ƙasar da ta sha ruwan a fitar, a cike ramin, a cike rijiyar. Ni da yayan matata muka yi ta yi. Bai taɓa ce min uffan a kai ba, ni ma ban iya haɗa ido da shi. Surukata ta riƙa aiko mana da fura lambu kamar 'yan gayya, kuma duk ranar da kwanon ya iso sai na ji kamar in nutse.

Da muka tara ƙasar, sai tambaya ta taso: ina za a kai ta? Malamin gona ya nuna mana wani tsohon ramin marmara can kan tudu, nesa da gulbi, nesa da hanyar dabbobi. Yana lissafa wuraren da bai kamata a zuba ba, ni kuwa zuciyata ta tafi kwarin nan na bayan Ƙaura da nake juyewa tun ina yaron mota. Da na dawo na je na duba shi da ido na gaske, karo na farko. Sawun shanu ne ko'ina a bakinsa. Kuma duk wanda ya san wurin ya san ruwan farko in ya sauka, kwarin nan gulbi yake kaiwa. Abin da na yi wa surukina na daɗe ina yi wa mutanen da ban sani ba. Su dai ba su da 'ya a gidana, shi ya sa labarinsu bai iso ni ba.

Na sami maigidana da maganar. Ya saurare ni, ya ce, "To ina kake so a kai shi?"  Abin da muka iya shi ne aka hana makanikai zuba baƙin mai a ramin, ana tara shi a duro, sauran kuma na daina kai shi kwari, na koma wani tudu da ba ruwa ba kiwo. Ba zan ce muku mun gyara ba. Mun dai rage ɓarna.

Akwai maƙwabcin nan mai tumaki. Na sayi tumaki na kai masa, sai na tarar surukina ya riga ni, ya ba shi daga cikin nasa har da ragon da yake kiwo don layya. Na zauna a zauren maƙwabcin na ce, duk da abin da Baba ya faɗa, ni dai ina so shi ya san gaskiya, tunda shi aka yi wa ɓarna. Na fara ba shi labari. Bai bari na kai ƙarshe ba, ya yi wata 'yar dariya.

"Ɗana, tanka allura ce da za ta shigo gari ba a gan ta ba? Ni na raka ka har ƙohwar mota. Dut garin ga ba wanda bai san yadda anka yi ba, mai gari ma ya sani. Da zahin rai na kai ƙara, ina tsammanin za a kirawo ka. Sai dattijo ya miƙe da ƙafafun nan nasa ya ce shi ne. To tunda ya ce shi ne, shi ne. Wa za ya tsaya ya ce mashi a'a?"

Na fito daga zauren nan. Ashe duk kwanakin da nake bi ta bayan gari ina ɓuya, ina zaton asirina a rufe yake, gari guda ne ya haɗu yana taya dattijo rufa min shi. Masu gaishe ni a masallaci, masu yi min sannu da aiki ina kankare ƙasa, kowa ya sani.

Matata ta sauka da kaka, aka sami mace, lafiyarta lau. Kafin ranar, duk motsin da ta ce ta ji ko ba ta ji ba sai gabana ya faɗi. Da ungozoma ta fito ta ce min barka, abin da na fara tambaya shi ne ko komai nata ya cika. Ta ce wane irin uba ne wannan, ko Alhamdu lillahi bai ce ba.

Ƙafafun surukina sun warke, sai dai tabo ya zauna, kuma duk lokacin sanyi sai sun tsage. An haƙa sabuwar rijiya can sama da tsohuwar. Lambun kuwa ya daɗe bai dawo ba. Ko bayan mun zuba sabuwar ƙasa da taki, ɓangaren da ke kusa da ramin shekara da shekaru in an shuka sai ta fito a tsumbure. A shekarun nan dattijon da ya saba kai albasa kasuwa da buhuna ya koma aron kwamai a lambun wani. Har Allah Ya karɓi ransa bai sake tada min zancen ba, ko da wasa. In na je gaishe shi, 'yar jikarsa yake ɗauka ya ɗora a cinya, ya tambaye ni hanya.

Yanzu na bar tuƙin tanka, hatsi nake ɗauka. Amma har yau in na ga an wanke duron mai an tara ruwan sha a ciki, ko ana ba shuka ruwan gareji, ba na iya wucewa. Ina tsayawa in yi magana, wasu su ji, wasu su ce min ai mai sama yake tsayawa. Ba na jin haushinsu, na san daga inda maganar ta fito. Abu na biyu da ya zauna min shi ne, in babba ya aiko min cewa kada in wahalar da kaina, yanzu zama nake in tambaya a hankali, don na gane manya ba su cika cewa a'a da sunanta ba.

Abin da bai bar ni ba shi ne bencin nan na Zurmi. Mutanen Badarawa sun san gaskiya, amma 'yan albasar nan ba su sani ba, kuma ina zaune a gabansu na bar su suka tashi da ita a haka. Mai yiwuwa har yau akwai wanda in an ambaci garin sai ya tuna da wani tsoho mai son banza. Ban san sunayensu ba balle in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin in rubuta wannan sai da na nemi izinin surukata, tunda shi ya hana ni faɗa yana raye. Har yanzu ba ta magana da ni kai tsaye sai gaisuwa, don haka matata ce ta shiga ɗakinta da saƙon, ni ina zaune a zaure. Ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito idonta ya yi ja.

"Ta ce ka hwaɗi. Ta ce ita ma ta gaji da riƙonsa."

To jama'a, in a cikinku akwai wanda ya taɓa jin labarin tsohon Badarawa da albasarsa, ba shi ya aika ba. Bai roƙi kowa ruwa ba. Ni na ɗauka na kai masa, ya karɓa don kada in ji kunya a gaban mutane. Ku sa shi a addu'a.